Katin Jota yana hannuna: in sayar yanzu ko in ajiye?

Sabitu Mai Jesi, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana ci mini rai, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai masu kallon wasanni da idon kasuwa.

Ni sana'ata sayar da rigunan ƙwallo, shagona yana wajen Terminus, ta gefen Ahmadu Bello Way. Ƙanena yana aikin jinya a Ingila, shi ya fara nuna mini harkar katunan 'yan wasa. Duk sanda wani zai taho gida sai ya ba shi 'yan fakiti ya kawo mini, yawanci Match Attax, irin wanda yaransu ke saye a kanti suna musanya a makaranta. Ni dai ado nake yi da su a gilashin shago, wani lokaci in ba yaro ɗaya kyauta idan babansa ya sayi riga biyu.

Amma akwai guda ɗaya da ya fita daban. Katin Diogo Jota ne da rigar Liverpool, da sa hannunsa a jiki, kuma an buga 37/99 a baya, wato 99 kaɗai aka yi irinsa. Ƙanen nawa ya saye shi tun Jota na da rai. Ya ce a lokacin bai yi tsada ba, don idon kowa yana kan Salah. Tsaraba ya aiko mini da shi saboda ya san yadda nake son yaron. Ni tun yana Wolves nake bin sa, kafin Liverpool ta ɗauko shi a 2020. Ba shi da tsawo, amma ya fi dogaye iya cin ƙwallo da ka, kuma ba ya yawan surutu.

To kun san abin da ya faru ranar 3 ga Yuli 2025. Motarsu ta yi hatsari a lardin Zamora na Sifaniya, shi da ƙanensa André Silva, babu wanda ya fita. Shekararsa 28. Kwana 11 da ɗaura aurensa, ga 'ya'ya uku, ga kofin Firimiya da ya ci a kakar, ga kofin Nations League da Fotugal ta ɗauka a watan Yuni. A wancan makon rigarsa mai lamba 20 ta ƙare ƙaf a shagona. Har 'yan Man U sun zo nema, wanda a Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ban ƙara ko sisi a kan rigar ba, kuma har yau ina jin daɗin hakan.

Maganar kati ce ta tsaya mini. Tun a watan Yulin ƙanena ya kira ni ya ce wani abokin aikinsa ya taya shi ninkin kuɗin da aka saye shi har sau uku, in ina so in ba mai tafiya ya mayar masa. Na ce a dakata tukuna. Yanzu watanni sun shuɗe, mutumin ya sake tuntuɓa, amma ya rage tayin. Ni kuma ga kuɗin hayar shago ya matso, ga sarin kayan sanyi.

Masu sanin harkar, don Allah: irin wannan kati yana ci gaba da hawa ne idan shekaru suka ja, kamar yadda nake jin labarin na Kobe Bryant, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, ko kuwa ya riga ya kai iyakarsa? Sannan akwai ɗaya ɓangaren da nake jin nauyin faɗa. Riba ce da mutuwar bawan Allah ta kawo. Zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Gyang Bukuru

Oga Sabitu, ashe kai ne mai shagon da ya hana ni ragi a rigar Rashford, yau kuma kake jin nauyin riba! Wasa nake. Ni dai shawarata gajeriya ce: haya ba ta jiran kasuwar Turawa. In mai saye na nan kuma kuɗin zai rufe maka wata ƙofa, sayar. Ka bar ɗaya daga cikin Match Attax ɗin a gilashi, fuskar dai ɗaya ce.

Injiniya Bala, Gwarimpa

Wa alaikumus salam Malam Sabitu. Na fara wannan saye da sayarwa tun ina karatu a Amurka, kuma har yanzu ina taɓawa daga nan Abuja ta hannun wani abokina a can. Bari in ba ka abin da na gani, ka auna da kanka.

Idan ɗan wasa ya mutu ba zato, farashi yakan yi tsalle ne a 'yan kwanakin farko. Masu saye a lokacin yawancinsu ba 'yan harkar ba ne. Masoya ne da zuciyarsu ta karye suna neman abin riƙewa, sai kuma 'yan a-ci-da-zafi da suka ji an ce za a samu. Daga nan duk wanda ke da katin a akwati sai ya fito da shi. Kai mutumin Jos ne, ka san yadda dankalin Bokkos da Mangu yake yi idan kaka ta yi, kowa ya loda buhunansa ya nufi kasuwa rana ɗaya. Kafin a yi wata biyu masu juyayi sun koma harkokinsu, kaya sun yi yawa, farashi ya sauko. Ragin da mutumin nan ya yi maka ba wulaƙanci ba ne, haka kasuwar take.

Match Attax ɗinka kada ma ka sa su a lissafi. Ana buga su ba adadi, kuma mutuwa ba ta rage ko guda ɗaya daga cikinsu ba. Mai sa hannun ne abin magana, domin hannun da ke sawa ya tsaya. Amma ko nan da sauran bayani. Kamfanoni sukan ba ɗan wasa takardun sitika masu yawa ya zauna ya sa hannu a kai, su adana, daga baya su riƙa mannawa a sababbin katuna. Shi ya sa za ka ga kati mai sa hannun mutum ya fito bayan an binne shi. Ka ɗauko naka ka duba a haske: tawadar a jikin katin take kai tsaye, ko a kan wata 'yar farar leda mai sheƙi da aka manna? Na farkon ya fi daraja a wajen masu tarawa.

Yanzu Kobe, tunda shi kowa ke kawowa. Ya mutu ranar 26 ga Janairu 2020 a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Calabasas ta jihar Kalifoniya, tare da 'yarsa Gianna mai shekara 13 da wasu mutum 7. A watan Maris 2021 an yi gwanjon katinsa na shekarar farko, Topps Chrome na kakar 1996-97, a kan kusan dala miliyan 1.8. Mutane suka ce ka ga abin da mutuwa ke yi. To amma a duba lokacin. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa korona ta kulle duniya, Amurkawa na zaune a gida da kuɗin tallafi a hannu, ba filin wasa ba shago, sai kasuwar kati gaba ɗayanta ta haukace. Na rayayyu ma sun hau, na taurarin ƙwallon kwando Michael Jordan da LeBron James da na yaran da ba su ma ci komai ba tukuna. Da 2022 ta zo abin ya sassauta, katunan Kobe na gama-gari suka sauko tare da na kowa. Waɗanda suka saya a kan ganiya da yawa har yau ba su mayar da uwar kuɗi ba.

Wanda bai sauko ba shi ne abin da babu irinsa. A watan Agusta 2025 an sayar da wani kati mai ɗauke da Jordan da Kobe tare, da sa hannunsu su biyu da ƙyallen tambarin rigunansu, a kan dala miliyan 12.9. Guda ɗaya tak aka yi shi. Kuma ka lura, ɗayan mutanen da ke jikinsa yana raye lafiya lau. Haka katin Pele na 1958 ya kai dala miliyan 1.33 a watan Fabrairu 2022, shi kuma bai rasu ba sai ƙarshen Disamba na shekarar. Ka ga ashe ba kabari ne ya ɗaga su ba. Kobe ya yi shekara 20 a Lakers, kofi 5, maki 81 a wasa ɗaya a 2006, kuma tun 2017 ƙungiyar ta jingine lambobin rigarsa biyu, 8 da 24, wato ba wanda zai ƙara sa su, yana zaune yana kallo. Aikinsa ya kammala kafin ajali ya zo.

Jota fa? Ina son sa, amma mu faɗi gaskiya, ba a wannan sahun yake ba. Ƙwallo 65 a wasa 182 a Liverpool, ɗan wasa mai kyau wanda rauni ya yi ta ja wa baya. Abin da ke gefensa shi ne ƙungiyar da ya mutu yana cikinta. Liverpool ta jingine lamba 20 a dukkan matakanta, har da ƙungiyar mata da ta matasa, kuma magoya bayanta ba su iya mantuwa ba, ga su a ko'ina a duniya. Kwatanta da Emiliano Sala, wanda jirginsa ya faɗa teku a Janairu 2019 a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff, bai buga musu ko wasa ɗaya ba. Duniya ta yi kuka sosai a lokacin, amma yau ba kasafai za ka ji ana cigiyar katinsa ba.

Wani abin kuma, mutuwar kanta tana iya juya suna. José Fernández, ɗan wasan besbol na Miami, ya mutu a hatsarin jirgin ruwa a Satumba 2016 yana da shekara 24, gari duka ya yi makoki. Da bincike ya fito aka ce shi ke tuƙi, da giya da hodar iblis a jininsa, ga mutum biyu sun mutu tare da shi, sai yabon ya yi sanyi. Kobe kuma akasin haka: zargin fyaɗen da aka yi masa a Colorado a 2003, wanda aka janye shari'arsa a 2004 daga baya suka sasanta, kusan ba mai iya ɗaga shi a makon da ya mutu.

Ra'ayina a kan naka: lokacin da ya fi tsada shi ne Yulin da ka ce a dakata. Ba na jin zai sake kai can nan kusa, kuma ba na jin zai koma farashinsa na da. Kafin ka amsa wa mutumin, ka sa ƙanenka ya shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya duba waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka sa wa farashi ana jira ba. Kowa na iya rubuta fam dubu a kan kayansa.

Sabitu Mai Jesi, Jos

Injiniya Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na duba, a kan 'yar ledar nan yake, manna ta aka yi. Wato ba ma irin mai darajar sosai ba ne ke nan. Ƙanena ya taɓa yi mini maganar a kai shi wani kamfani su ba shi maki su rufe a roba, wannan yana da amfani?

Gyang, rigar Rashford ɗin da ka ce, shi kansa ya bar muku ita ya tafi Barcelona, ka zo ka ɗauka da ragi.

Injiniya Bala, Gwarimpa

PSA yake nufi, kamfanin tantance katuna na Amurka, ko makamantansu. Suna duba kusurwoyi da gefuna da fuskar katin da daidaiton bugu, su ba da maki daga 1 zuwa 10. Mai 10 yakan ninka mai 8 nesa ba kusa ba. Amma da kuɗi ake yi, ga kuɗin aikawa da inshora, ga jira. Katin da ya zauna a gilashin shago a Terminus, rana ta doke shi, ƙurar hunturu ta shige shi, da wuya ya samu 10. In kusurwa ɗaya ta ɗan yi fari, kada ka wahalar da kanka.

Baba Audu na Jets, Gangare

Salamu alaikum yara. Jikana ne ya karanta mini wannan zance, shi yake rubuta mini amsa, in kun ga kuskure nasa ne.

Injiniya ya yi bayanin kasuwa, ba ni da abin ƙarawa, ban san ta ba. Ni ta wajen suna zan yi magana, don na ga kuna haɗa shi da farashi kamar tare suke tafiya.

A garin nan aka yi Sam Garba Okoye. Wanda bai gan shi da ƙwallo a ƙafa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ya je wasannin Olamfik na Meziko a 1968 da rigar Nijeriya, kuma da su Mighty Jets ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972, su da marigayi Ismaila Mabo. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 1978 da sauran ƙarfinsa. Ina katinsa? Ko hotonsa mai kyau sai ka sha yawo kafin ka samu. Amma je ka majalisar dattawa a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo ka ambaci sunansa, ka ga ko za ka tashi da wuri.

Samuel Okwaraji kuma a rediyo muka ji. Ranar 12 ga Agusta 1989, muna wasa da Angola a filin Surulere na neman zuwa kofin duniya, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa, shekararsa 25. Yaro mai ilimi, lauya ya karanta a Italiya. Bai yi wa ƙasar nan wasanni da yawa ba, amma ƙwallon da ya ci Kamaru a Maroko a 1988 tana idona har yanzu. An yi masa mutum-mutumi a bakin filin. Da ya yi tsawon rai wataƙila ya zama kamar sauran, a yabe shi yau a zage shi gobe. Da ya tafi da wuri sai ya tsaya a yadda yake, ba wanda ya ga tsufansa ko ranar da ƙafa ta ƙi. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a Lyon a 2003, Manchester City ta jingine masa lamba 23, alhali kaka ɗaya ya yi musu, ita ma aro.

Wanda ke ba ni tausayi shi ne Rashidi Yekini, Allah ya jiƙansa. Haifaffen Kaduna, ƙwallo 37 ya ci wa Nijeriya, gwarzon Afirka a 1993, shi ya ci mana ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994, ya kama raga yana kuka. Ya rasu a Mayu 2012 yana da shekara 48, a cikin kaɗaici da rashin lafiya. Da ya mutu kowa ya zama masoyinsa. Yana raye a Ibadan mutum nawa suka taka suka je gaishe shi? Wannan ɗabi'ar tamu ce ta ke damuna, ba ta Turawa da katunansu ba. Su ko ba komai sun ajiye wani abu da za a nuna wa jika.

Sabitu, ɗana, in ka sayar ba ka ci amanar kowa ba. In ka ajiye ma kada ka ce don shi ka yi, shi ya riga ya wuce wurin da kati zai amfane shi.

Sannan ina da tambaya ga Injiniya. Akwai wani littafin sitika na kofin duniya na 1994 da wani ɗan'uwana ya kawo mini daga Jidda, da shafin Nijeriya a ciki, Yekini da Amokachi da Finidi da Rufai duk suna nan. Yana cikin adakar uwargida. Shi ma yana da kuɗi?

Maman Walid, Rikkos

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi maganar Yekini ta taɓa ni.

Malam Sabitu, ni ba malama ba ce, hukuncin cinikin hoto da irin wannan kasuwa ta jiran tashin farashi ka kai wa malaminka, ya fi mu sani. Amma ta fuskar zuciya da ka ce, ni ina ganin da bambanci tsakaninka da wanda ya ji labarin hatsari ya ruga ya kwashe katunan da ke kasuwa tun ba a yi jana'iza ba, don ya sayar wa masu kuka washegari. Naka kyauta ce daga ɗan'uwanka, ta zo hannunka mutumin na da rai, ba ka roƙi wannan rana ba.

Abin da dai zan tuna maka, duk abin da aka biya ka, ko kwabo ba zai je wa matarsa da marayunsa ba, haka cinikin hannu na biyu yake. To su kam ba su rasa mai kula da su ba. In abin ya ci gaba da yi maka nauyi, ka cire wani abu daga ribar ka kai wa marayun da ke kusa da kai, a unguwarku ma ba za a rasa ba. Kuma ka fara sanar da ƙanen naka kafin ka yanke, tsaraba ce ya yi maka, kada ya ji a bakin abokin aikinsa.

Sabitu Mai Jesi, Jos

Na gode Hajiya, na gode Baba. Na yi magana da shi jiya da dare, ya ce kaya nawa ne, in yi yadda na ga dama. Ya duba waɗanda aka sayar kamar yadda Injiniya ya ce, tayin mutumin bai yi nisa da su ba. Akwai mai tafiya ƙarshen wata, zan ba shi ya kai. Baba, in an yarda zan shigo Gangare ranar Juma'a bayan an sauko in ga littafin nan da idona.

Injiniya Bala, Gwarimpa

Ranka ya daɗe Baba, in na Panini ne, kamfanin Italiya da ke yin littafin kofin duniya tun 1970, akwai masu nemansa, musamman idan ya cika babu gurbin da ya rage kuma ba a yi rubutu a ciki ba. Sai dai ba kuɗin da zai sayi fili ba ne, an buga shi da yawa. Sitikar da ba a ɓare ba, wadda takardar bayanta ke nan, ita ake sayarwa ɗaya-ɗaya, wadda aka riga aka manna kuma sai dai a sayar da littafin dungurungum. Kada jikan nan ya ce zai ɓanɓaro Yekini daga shafin, zai lalata duka biyun. Malam Sabitu, in ka je ka ɗauko mini hoton bangon da shafin Nijeriya da na Ajantina, in ga ko Maradona na ciki.